Yadda Za Ka Sace Jikarka Daga Lesin Ba Tare Da Ka Yi Ƙarya Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai nake ɗaukar alƙalami. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Halitta, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwana dattijo, wanda Allah Ya ja wa kwana har ya ga jikarsa a ajin ƙarshe na firamare, da kai nake. Na san halin da gidanka yake ciki. An kashe talabijin an lulluɓe ta da zani. An hana baƙi dogon zama. Kai kanka, da furfurarka, an roƙe ka ka rage ƙarfin tari, wai yarinya tana karatun jarrabawa. To, ka kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan a jere, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na lamunce maka da izinin Allah za ka fita da jikarka da rana tsaka, malamin lesin yana zaune, uwarta da bakinta tana ce muku a dawo lafiya, kuma mala'ikan hagu bai rubuta maka ƙarya ko guda ba.

Ba da ka nake faɗin wannan ba. Na jarraba a kan jikata, wadda muke kira Lauya saboda gardama. Sai dai ka san girman kasadar tun yanzu. Surukata, uwar yarinyar, ta yi alkawari a gaban kowa cewa ranar da ta gane wani yana shiga tsakanin Lauya da karatu, a ranar za ta haɗa mata kaya ta kai ta gidan yayar ita uwar, wadda yara suke kira Anti, tsohuwar shugabar makaranta, can ƙarshen gari, sai bayan jarrabawa ta dawo. Na taɓa shiga gidan. Har a bayan ƙofar banɗaki an manna jadawalin lissafi. Kyanwar gidan ma a hankali take tafiya.

Mataki na ɗaya: Ka tabbatar da cuta kafin ka nemi magani

Ba kowace jika ce take buƙatar a sace ta ba. Akwai wadda in ka ɗauke ta daga gaban littafi ka zalunce ta, domin da ma ba ta taɓa zama a gabansa ba. Saboda haka ka sa ido tukuna.

Ga abin da na gani. Lauya tana tashi makaranta ta shiga lesin makaranta. Ta dawo gida ta tarar da malamin lesin gida yana jiranta, su zauna daga azahar har rana ta yi ja. Ranar hutu kuma a yi mata jarrabawar gwaji a teburin cin abinci, uwarta tana tsaye a kanta da agogo a hannu.

Wannan yarinya ce da ta taɓa tsare ni a bakin famfo tana tambayata ko kifi kullum da alwalarsa yake, kuma ba ta sake ni ba sai da na kawo hujja. Amma ga shi ta koma duk abin da aka ce mata sai ta ce to. Ka ce mata sama kore ce, ta ce to.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne ranar da na idar da sallar la'asar na waiwayo na gan ta riƙe da carbina, idonta a rufe, leɓɓanta suna motsi. Zuciyata ta yi sanyi, na yi wa Allah godiya da Ya fitar da mai zikiri daga tsatsona. Na matsa a hankali don in ji wanne take ja.

Sai na ji: "Bakwai sau takwas, hamsin da shida. Bakwai sau tara..."

Idan ka ga irin wannan a gidanka, ka wuce mataki na biyu.

Mataki na biyu: Kada ka yi muhawara da uwa

Za ka ji sha'awar kiran surukarka ka yi mata wa'azi. Ka danne. Na riga ka, ga kuma yadda muka kwashe.

Na ce, "'Yata, wannan fa jarrabawar yara ce, ba Hisabi ba ne. Arziki da tsiya an gama rubuta su tun kafin a ƙera fensir."

Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma makarantar nan ta kusa da mu, sai wanda ya ci sosai ake ɗauka. In ta rasa ta, sai waccan ta tsallaken babban titi, mota biyu za ta hau kafin ta isa, wanda ya makara kuma a taga yake zama. Ku da kanku kuka ce ba kwa so tana tsallaka titin nan. Kuma ku kuka koya mana cewa sai an yi ƙoƙari sannan a yi tawakkali."

Ka lura da kyau. Babu halittar da ta fi wuyar sha'ani irin surukar da ta durƙusa tana mayar maka da karatunka. Kuma gaskiya ta faɗa. Mai ce maka jarrabawar nan ba komai ba ce, ba shi ne zai tsaya a bakin titi da safe yana kallon 'yarsa tana ratsa manyan motoci ba.

Kada kuma ka sa rai da ɗanka. Na kira nawa gefe, ya ce, "Baba, duk abin da kuka yanke daidai ne." Daga baya na ji shi a kicin yana ce wa matarsa, "Duk abin da kika yanke daidai ne." Mutumin kirki ne, Allah Ya yi masa albarka, amma ba a shiga yaƙi da shi.

Mataki na uku: Ka gyara niyya, sannan ka nemi sanda

Ƙarya haramun ce, kuma tsoho mai ƙarya ya fi kowa muni. Ba za mu kusance ta ba. Alhamdu lillahi ba ma buƙatarta, domin addini ya tanadar wa dattijo rumbun ayyukan lada da babu surukar da ta isa ta hana: gaishe da mara lafiya, sada zumunci, ziyarar ɗan'uwa don Allah. Aikinka kawai ka zaɓi ɗaya, ka yi niyyarsa da gaske, sannan ka buƙaci wanda zai riƙe maka hannu.

A nan wasu suke kuskure, su ƙirƙiri ciwon da ba su da shi. Subhanallah! A shekarunka, me ya kai ka ƙirƙira? Ka daina ɓoye wanda kake da shi kawai. Ƙugun nan da ka daɗe kana daurewa, ka bar shi ya yi magana. In za ka miƙe daga kujera, ka miƙe yadda jikinka yake so, ba yadda girman kanka yake so ba. Ka fito da sandar da aka kawo maka tsaraba ka jefa bayan ƙofa don kada a ce ka tsufa.

Sannan ka jira malamin lesin ya zauna, ya buɗe jaka, ka tako zuwa ƙofar kicin ka ce, cikin murya mai rauni irin ta gaskiya, "'Yata, a ba ni aron Lauya ta riƙe mini hannu, zan je duba mara lafiya."

Za ta buɗe baki. Za ta dubi sandar. Za ta rufe bakin.

Mataki na huɗu: Ka zaɓi majinyaci mai ɗorewa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, ka karanta shi sau biyu.

Kada ka zaɓi mai zazzaɓi, zai warke kafin ka gama shiri. Kada ka zaɓi wanda jiki ya yi wa tsanani, gidansa ba wurin yara ba ne, kuma bai dace a yi wasa da halin da yake ciki ba. Ta'aziyya kuwa kwanakinta ƙidayayyu ne, ba za ka yi ta komawa kana tayar wa mutane da baƙin ciki ba. Abin nema shi ne ciwo mai mutunci, wanda ba ya kisa kuma ba ya gaggawar tafiya. A iya bincikena babu kamar gwiwa.

Allah Ya haɗa ni da abokina tsohon direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka kulocin babbar mota har gwiwar hagu ta ce ta gaji. Gidansa yana da tsakar gida mai faɗi, da bishiyar gwaba, da jikoki mata masu igiyar tsalle. Ni da shi mu zauna a inuwa in yi masa addu'a, Lauya kuma ta ajiye takalmi.

Ranar farko tsayawa ta yi a gefe, hannuwanta a baya, kamar mai jiran a ba ta takarda. Sai da ƙaramar cikinsu ta ce mata, "Ke ba ki iya ba ne?" Ta ce, "Wa ya gaya miki?" Rabon da in ji ta mayar wa wani magana har na manta.

Amma majinyaci yana buƙatar kulawa. Wata Juma'a na hango direba yana tahowa masallaci da sauri kamar saurayi, ta gaban gidanmu, surukata kuma tana shanya a waje. Bayan an sallame na ja shi gefe.

Na ce, "Direba, yaya gwiwa?"

Ya ce, "Wallahi Malam, da sauƙi sosai. Addu'arka tana ci."

Na ce, "Madalla. Amma sauƙi ni'ima ce, ni'ima kuwa ba a tallanta a titi. Ka riƙa biyowa ta bayan layi."

Ya ce, "Malam, so kake in warke, ko so kake kada in warke?"

Na ce, "Ina roƙa maka lafiya da zuciya ɗaya. Lokaci ne dai ban sa wa Ubangiji ba."

Mataki na biyar: Ka mallaki malamin lesin da shayi

Shi ne shaidan da zai iya kai ka ƙasa, domin shi ake bari zaune da littafi a buɗe. Kada ka ɗauke shi abokin gaba. Bawan Allah ne da yake yawo gida gida a kan keke tun safe, rigarsa jiƙe, cikinsa babu komai sai alli.

Kafin ka fita, ka sa a kawo masa shayi mai kauri da burodi. Ka ba shi kujerarka mai laushi. Ka juyo masa da fanka. Ciyar da mai jin yunwa lada ne, abin da ya biyo baya kuma ba aikinka ba ne. Sau da yawa mukan dawo mu tarar da shi ya jingina kai, bakinsa a ɗan buɗe, sai in hana kowa tashinsa, domin barcin mai gajiya abin tausayi ne.

Da muka saba, ya ce mini a asirce, "Baba, yarinyar nan ta iya. Tsoro ne ya cika mata kai har babu wurin ajiye sabon abu. Abu ɗaya ne ya gagare ta, lissafin kaso. Na yi na yi, ta kafe cewa ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa shida, tunda takwas ta fi shida."

Na ce Allah Ya buɗa mata. Da na tsaya a nan, da wannan nasiha ta fi haka gajarta.

Mataki na shida: Ka share sawu

Ka tanadi tsumma a aljihu don ƙurar ƙafa. Ka duba haƙoranta saboda 'ya'yan gwaba. Ka gyara mata ɗankwali. Waɗannan masu sauƙi ne.

Mai wuyar ita ce dariya. Yarinyar da ta je duba mara lafiya ba ta dawowa tana ƙyalƙyala. Saboda haka ka samu wurin tsayawa kafin gida. Mu muna tsayawa a bencin da ke ƙofar shagon tela, in ce mata, "Ƙarasa dariyarki a nan, kada ki shiga mini da ita gida." Wannan maganar kuma sai ta ƙara tayar da dariyar, har tela ya tsayar da keke ya taya ta.

Kada ka taɓa ce wa yarinya ta yi ƙarya. Ni abin da na ce mata shi ne, in an tambaye ki, ki faɗi gaskiya. In ba a tambaye ki ba, shiru ma ibada ce.

Akwai kuma sawun da ba ya sharuwa. Za ta fara cinye abincinta ta nemi ƙari. Za ta fara jayayya da ƙaninta a kan wa ya fi tsawo. Uwa kuwa ba makauniya ba ce. Wata rana surukata ta kawo mini ruwa, ta tsaya, ta ce, "Baba, wannan gwiwa ta Baba direba, ba za a kai shi asibiti ba ne?"

Na ce, "Ana ta addu'a."

Ta ce, "Allah Ya karɓa." Amma yadda ta ja kalmar, na san kwanakina sun fara ƙarewa.

Mataki na bakwai: Kome ya faru, kada ka koyar da komai

Ka ja layi a ƙarƙashin wannan. Kai ɓarawo ne, ba malami ba. Duk ilimin da Allah Ya ba ka, ka bar shi a gida tare da tabarau.

Wata yamma muna zaune a bencin tela, Lauya ba ta yi dariyar da za a ƙarasa ba. Jarrabawar gwaji ta sake kayar da ita a kan kason nan. Ta ce, "Kaka, ni dai jaka ce. Ta yaya takwas za ta kasa shida?"

Ni kuwa na yi shekaru ana kirana rabon gado. Sumuni da sudusi, wato ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida, sun fi sunayen jikokina zama a bakina. Malamin da ke cikina ya farka, na kasa danne shi.

Na ce, "Tela, ba ni ƙyalle biyu masu tsawo ɗaya, da almakashi." Ya miƙo. Na ce, "Lauya, a ce babanki ya rasu, Allah Ya ja kwanansa."

Tela ya ce, "Amin."

Na ce, "Wannan ƙyallen shi ne dukiyarsa. Uwarki sumuni take da shi. Yanka shi gida takwas, ki ɗauki ɗaya." Ta yanka. "Ni kuma, ubansa, sudusi nake da shi. Yanka wancan gida shida, ki ɗauki ɗaya." Ta yanka. "To, jera su."

Ta jera su a kan gwiwarta. Ta dubi na uwarta, ta dubi nawa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta daka tsalle ta ce, "Kaka! Ka fi Umma! Ashe in masu rabo suka yi yawa, rabon ƙanƙancewa yake yi!"

Na ce, "Shi ke nan karatun."

Ta ce, "A'a, sake kashe wani."

Kafin a kira magariba mun yi wa direba rasuwa, mun yi wa tela har sau biyu da izininsa, mun raba gadon tsohuwar shugabar makaranta har da kyanwa. Allah Ya ba su tsawon rai baki ɗaya. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, ban san na haƙa wa kaina rami ba.

Mataki na takwas: In asiri ya tonu, ka riƙe carbi ka yi shiru

Washegari ranar hutu ce, muna cin abincin rana gaba ɗaya. Babu wanda ya tambayi Lauya komai. Amma ilimi sabo ba ya zama a cikin yaro.

Ta ce, "Umma, kin san in Abba ya mutu Kaka ya fi ki samu?"

Cokali ya faɗi daga hannun surukata. Ɗana ya ƙware, ruwa ya fito masa ta hanci. Ƙanin Lauya ya fashe da kuka yana cewa ba ya so Abba ya mutu.

Ɗana ya ce, "Baba, ni kuka kashe?"

Na ce, "Misali ne. Kuma na yi maka addu'ar tsawon rai, tela shaida ne."

Surukata ba ta dube ni ba. Ta ce, "Lauya, a ina aka koya miki wannan?"

"A shagon tela."

"Me ya kai ku shagon tela?"

"A nan nake ƙarasa dariya in mun dawo daga tsallen igiya."

Ka ga amfanin tarbiyya. An tambaye ta, ta faɗi gaskiya, har da bishiyar gwaba, har da barcin malamin lesin, har da bin bayan layi da aka umarci direba.

Surukata ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Ta fito da shi ta ajiye a tsakiyar falo, ta fara ninke kayan makarantar Lauya tana jerawa. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, ni ban taɓa yi muku musu ba. Da kun ce mini kai tsaye kuna ganin na matsa mata, ko ban so ba zan ji. Amma kullum ina tsaye a ƙofa ina ce muku a dawo lafiya."

A nan, ɗan'uwana, duk hujjojin da ka tanada za su taso maka. Ka haɗiye su. Na ce, "'Yata, ban yi miki ƙarya ba, amma na ɓoye miki, kuma ke ce uwa. Ki yi hukuncinki."

Lauya ce ta ƙi yin shiru. Ta tsaya tsakanin uwarta da akwatin ta ce, "Umma, ai ba a yanke hukunci sai an ji shaida. Ki tambaye ni kason. In na faɗi, ki kai ni."

Uwar ta ɗauko takardar gwajin da ta gabata da littafin lissafi, ta ce, "Wanne ya fi, ɗaya bisa huɗu ko ɗaya bisa shida?"

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu!"

"To, a ce Anti ce. Mijinta rubu'i zai samu tunda tana da 'ya'ya, Hajiyarku kuma sudusi. Mijin ya fi. Ɗaya bisa huɗu."

Ta sake jefo wata, Lauya ta amsa. Ta sake, ta amsa. A ta ƙarshe uwar ta ce ba daidai ba ne, Lauya ta ce daidai ne, amsar bayan littafin ce aka karanta a layin da ba nata ba. Suka sa kai a littafi ɗaya suna jayayya, murya tana hawa, har uwar ta ga layin. Sai ta tsaya tana kallon 'yarta kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya.

Ta ce a hankali, "Yaushe rabon da ki yi mini gardama?"

Lauya ta ce, "Ai ba kya tambayata abin da ake gardama a kai."

Surukata ta zauna a kan akwatin. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Har yau ban san kuka take yi ko dariya ba, kuma ladabi bai bar ni na tambaya ba.

Mataki na tara: Ka karɓi hukunci da kyakkyawar fuska

Ga abin da aka yanke, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Lauya ba za ta je ko'ina ba. An mayar da akwati ƙarƙashin gado. Malamin lesin zai riƙa zuwa wasu ranaku kawai, bayan magariba, kuma a kujerar katako zai zauna. Daga la'asar yarinya ta tafi tsallen igiyarta a fili, da sanin kowa, ba sai an nemi mara lafiya ba. An aika wa direba cewa ya samu izinin warkewa.

Sai nawa kason. Surukata ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, tunda Allah Ya sa a bakinku take ganewa, daga azahar zuwa la'asar naku ne, kullum, har a yi jarrabawa. Sai dai ina roƙon alfarma, kada a sake kashe kowa a gidan nan, ko a danginmu."

Haka na rasa ƙailulata. Haka na rasa zaman hira da abokaina. Kuma ashe lissafin yaran nan bai tsaya a gado ba. Akwai wani tanki da ake zuba masa ruwa ta sama yana yoyo ta ƙasa, ana tambayar yaushe zai cika. Na ce a fara toshe yoyon, domin almubazzaranci ne. Lauya ta ce ba a ba da maki a kan wannan.

Idan ka tambaye ni fatawa a kan jarrabawar kanta, ga abin da na fahimta, Allah ne Mafi sani. Ƙofa ce, kuma ƙofar gaske, wanda ya raina ta zai tsaya a waje. A shirya mata, a dage. Amma yaron da za a tura ta ƙofar ya fi ƙofar daraja, kuma jikinsa da dariyarsa amana ce da za a tambaye mu a kanta a ranar da babu lesin. Gwargwadon shirin da ya dace shi ne wanda yaro zai tashi daga kansa yana da sauran ƙarfin yi maka musu.

Barranta

Ina shaida wa duk wanda ya karanta wannan cewa na lamunce masa fita da jika ne kawai. Ban lamunce masa abin da zai tarar in ya dawo ba. Wanda surukarsa ta fi tawa zafi, ko majinyacinsa ya warke ba shiri, ko ya wayi gari da furfurarsa yana koyon tanki mai yoyo, kada ya zo ƙofata, kada ya aiko, kada ya ambace ni a gaban iyalinsa. Ba a yi jarrabawar ba tukuna. In Lauya ta ci, falalar Allah ce da ƙoƙarin uwarta. In aka samu akasi, malamin lesin yana nan, kowa ya san yana barci.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina neman gafararSa. A nan zan ajiye alƙalami ba don magana ta ƙare ba, sai don an idar da azahar, ga Lauya can a ƙofa da almakashi da ƙyallen tela. Tun da aka hana mu dangi, wani bawan Allah muka ƙirƙiro wanda ba shi da kowa a unguwar nan.

"Kaka, ka taso mana! Mutumin nan ya sake mutuwa."